Shugabanmu ya ce a riƙa canza kalmar sirri duk wata, yaya zan saita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ɗora mini kula da kwamfutocin wurin aikinmu, guda talatin da 'yan kai masu Windows, da saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ɗaya mai Linux. Shugabanmu ya ce in saita yadda kowa zai riƙa canza kalmar sirrinsa duk bayan kwana 30, kuma dole ta ƙunshi babban harafi da ƙarami da lamba da alama. Ta ina zan fara, kuma hakan ya wadatar?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo.

Saita abin da shugabanku ya nema bai fi aikin minti biyar ba, kuma zan nuna maka inda ake yin sa. Sai dai da kusa muke, da na riƙe hannunka na ce ka dakata, ka koma ku zauna da shi tukuna. Dokar kwana 30 ɗin nan rage muku tsaro za ta yi. Na san maganar za ta yi maka banbaraƙwai, domin shekara da shekaru abin da ake koyarwa ke nan, ni ma na daɗe ina aiwatar da ita da zuciya ɗaya.

Abin da ya fara sa ni shakka ƙarami ne. Wata rana na je duba kwamfutar wata ma'aikaciya a wani ofis da nake kula da na'urorinsa. Na ɗaga kibod ɗinta don in gyara waya, sai ga 'yar takarda manne a ƙasansa. A layin farko an rubuta Aiki@01 an soke, sai Aiki@02 an soke, haka dai har zuwa Aiki@09, ita kaɗai ce ba a soke ba. A watan Satumba muke. Kowace ɗaya a cikinsu ta cika sharuɗɗanmu kaf, ga babban harafi, ga ƙarami, ga alama, ga lamba. Kuma duk wanda ya ga ta watan Janairu ya san ta watan Disamba tun kafin matar ta zaɓe ta. Ban ga laifinta ba. Mace ce mai aiki tuƙuru, tana da kalmomin sirri sun fi goma da za ta riƙe a ka, mu kuma muka ce duk wata sai ta haddace sabuwa. Hanyar da muka bar mata ta bi.

Daga baya na gane halin kowa ne. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Arewacin Karolina da ke Chapel Hill a Amurka sun nazarci tsofaffin kalmomin sirri na dubban asusun jami'ar da aka daina amfani da su, a wurin da dokar canji take duk wata uku. Tambayarsu ita ce, wanda ya san tsohuwar kalmarka zai iya canko ta gaba? A kashi 41 cikin 100 na asusun, kwamfuta ta gano sabuwar cikin 'yan daƙiƙu. A kusan kashi 17 kuwa, abin bai wuce gwaji biyar ba. Ka ga ɓarawon da ake cewa canjin zai kora, yana nan zaune bai je ko'ina ba.

Waɗanda suka kawo dokar ma sun janye. Yawancin ƙa'idojin haɗa alama da lamba sun yaɗu ne daga wata takardar hukumar NIST ta Amurka, wadda wani ma'aikacinta mai suna Bill Burr ya rubuta a 2003. A 2017, bayan ya yi ritaya, ya gaya wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A 2017 ɗin dai hukumar ta fitar da sabon jagora mai lamba SP 800-63B, ta ce a daina tilasta canji kan jadawali, a daina tilasta haɗa nau'o'in haruffa, a riƙa duba sabuwar kalma cikin jerin waɗanda aka san sun riga sun fallasa, kuma a tilasta canji idan akwai alamar an sace. Microsoft ya cire ƙarewar wa'adi daga shawarwarinsa na tsaron Windows a 2019. Cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, ita ma ra'ayinta ke nan. Ka riƙe waɗannan sunaye, za su yi maka amfani a gaban shugaba.

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka san ta ina ɓarawo yake shigowa, domin kowace doka da za ka kafa ya kamata ka iya faɗin ƙofar da take rufewa.

Tsarin aikin kwamfuta ba ya ajiye kalmar sirrinka yadda ka rubuta ta. Yana bi da ita ta wani lissafi mai tafiya ɗaya, ya fitar da wani dogon tambari da ake kira hash, shi yake ajiyewa. Kamar zanen yatsa ne, za a iya gane ka da shi in ka zo, amma ba a iya gina mutum daga zanen yatsarsa. Da ka zo shiga, sai a sake lissafin a kan abin da ka buga, a gwada da wanda ke ajiye. Ba haka aka fara ba. A tsarin CTSS na jami'ar MIT, inda Fernando Corbató ya shigo da kalmar sirri farkon shekarun 1960, a fili ake ajiye su cikin fayil, har wani ɗalibi ya buga fayil ɗin gaba ɗaya a takarda don ya samu ƙarin lokaci a kan na'urar. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson suka bayyana yadda Unix ya magance wannan, har da abin da ake kira gishiri, wato 'yan haruffan da ake barbaɗa wa kowace kalma kafin lissafi, don mutum biyu masu kalma iri ɗaya kada tambarinsu ya zo ɗaya. A takardar da suka wallafa sun duba kalmomi 3,289 na mutane, suka tarar kashi 86 cikin 100 masu sauƙin ganowa ne. Sama da shekara arba'in da biyar ke nan, kuma mutane ba su sauya ba.

To ɓarawo yana da hanyoyi kamar uku. Ko ya tsaya a bakin ƙofa yana ta gwaji, ta allon shiga ko ta SSH (hanyar ba wa saba umarni daga wata kwamfuta) ko ta shiga daga nesa. Ko ya sace fayil ɗin tamburan ya tafi da shi gida, ya sa na'urarsa tana ta canke ba mai hana shi. Ko kuma, wadda ta fi yawa a yau, ya samu kalmar kanta ba tare da canke ba: mai ita ya buga ta a shafin bogi, ko ya yi amfani da ita a wani dandali da aka fasa. Alama da lamba ba sa taɓuka komai a kan ta ukun nan. Canjin wata-wata ma haka, domin wanda ya sace kalma yau, yau zai yi amfani da ita, ba zai jira ƙarshen wata ba.

Abin da ke wahalar da mai canke shi ne tsawo, da kuma rashin sabo. Kibod yana da haruffa da lambobi da alamomi 95. Kalma mai gurbi 8 da aka zaɓa kan mai uwa da wabi daga cikinsu tana da yiwuwa kusan tiriliyan 6,600. Kalma mai gurbi 15 da ƙananan haruffa zalla, ba alama ba lamba, ta ninka wannan sau fiye da 250,000. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutum ba ya zaɓe kan mai uwa da wabi. Babban harafi a farko yake sa shi, lamba da alama a ƙarshe, kuma manhajojin fasa kalma irin su hashcat da John the Ripper sun san haka, da shi suke farawa. A 2009 an fasa wani kamfani mai suna RockYou, kalmomin sirri kusan miliyan 32 suka fito a fili, wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. Har yau wannan jerin yana cikin abin da ake fara gwadawa.

Saboda haka abin da nake koya wa mutane shi ne jumlar sirri: kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, kamar tsani gajimare kujera raƙumi fitila. Kada ka yi amfani da wannan, tun da ga ta a rubuce. Sharaɗin shi ne kada mutum ya ɗauko karin magana ko baitin waƙa ko sunayen 'ya'yansa a jere. A hanyar Diceware ta 1995 ana jefa ɗan ludo ne a zaɓo kalma daga jerin kalmomi 7,776, kuma guda biyar kacal sun ninka waccan mai gurbi 8 sau fiye da 4,000, ga sauƙin riƙewa. Gargaɗi ɗaya: ka ce su guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ a kalmar shiga kwamfuta, domin allon shiga ba lallai ya zo da tsarin kibod ɗin da ke da su ba, sai mutum ya rufe kansa a waje da kalmar da ya sani sarai. Sabon bugun jagoran NIST na 2025 ya kai mafi ƙarancin tsawo zuwa 15 idan kalmar sirri ita kaɗai ce makulli, 8 idan akwai mataki na biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar, kamar lambar da manhajar waya ke bayarwa. Ni 15 nake sawa.

Mu zo kan sabarka ta Linux. Sunayen masu asusu suna cikin /etc/passwd, wanda kowa yana iya karantawa, shi ya sa aka kwashe tamburan aka mai da su /etc/shadow, wanda ba a buɗe wa kowa ba. Buɗe shi da sudo, umarnin da ke ba ka ikon admin, ka duba gurbi na biyu na kowane layi, inda tambarin yake, farkonsa kuma yana nuna irin lissafin da aka yi. In ya fara da $y$ to yescrypt ne, wanda Debian 11 da Ubuntu 22.04 da na bayansu suke amfani da shi, kuma shi ya fi, domin an gina shi ya ci lokaci da ƙwaƙwalwar na'ura don ya gajiyar da mai canke. $6$ shi ne SHA-512, ba laifi. In ka ga $1$, MD5 ne, tsohon yayi, mai asusun ya canza kalma yau. In gurbin fanko ne, asusun ba shi da kalmar sirri kwata-kwata, wannan shi za ka fara gyarawa kafin komai. Alamar ! a farko tana nufin an kulle kalmar.

Sauran guraben layin na wa'adi ne, kuma chage ne ke sarrafa su. chage -l da sunan mutum zai nuna maka halin da yake ciki. chage -M 30 shi ne abin da shugabanku ya nema. Akwai tarko a nan da yake kama mutane da yawa: in ka gyara PASS_MAX_DAYS a cikin /etc/login.defs, sababbin asusu kaɗai zai shafa, waɗanda ke nan tun da suna nan yadda suke sai ka bi su da chage ɗaya bayan ɗaya. Ni barin sa nake a 99999 yadda ya zo. Umarnin da na fi amfani da shi a wannan ɓangaren shi ne chage -d 0, wanda ke tilasta wa mutum zaɓen sabuwar kalma da zarar ya shiga. Shi ake yi wa sabon ma'aikaci, da wanda ka sake wa kalma, da wanda ake zargin an sace tasa.

Ingancin kalma kuwa aikin PAM ne, wato tsarin tantance masu shiga na Linux, ta hanyar pam_pwquality, saitinsa yana /etc/security/pwquality.conf. A Debian da Ubuntu sai ka girka libpam-pwquality tukuna. Ka sa minlen = 15. Ka bar dcredit da ucredit da lcredit da ocredit, wato saitin lamba da babban harafi da ƙarami da alama, a 0. Waɗannan huɗun suna rikita mutane: lamba mai ɗebewa, kamar -1, tana nufin dole a samu aƙalla ɗaya, lamba mai ƙari kuwa rangwame take yi wa tsawo, sai ka ga ka ce 15 amma 12 ta wuce. Ka bar dictcheck da usercheck a kunne. Sannan ka ba badwords, jerin kalmomin da ka hana, lokacinka, domin nan ne kai ka fi manhajar sani. Ƙamus ɗin da take dubawa galibi na Turanci ne, bai san sunan ma'aikatarku ba, bai san sunan sashenku ko taken da ke jikin bangon ofis ba, kuma waɗannan su mutane ke fara kai hannu gare su. Zuba su ciki. Ka kuma sani cewa root, babban asusun admin na Linux, yana tsallake duk waɗannan sharuɗɗa, gargaɗi kawai za a yi masa, sai in ka ƙara enforce_for_root. Ka ƙara. Yawancin kalmomi marasa ƙarfi da na tarar a saba, admin ne ya sa su da hannunsa yana sauri, da niyyar zai gyara gobe.

Duk lokacin da za ka taɓa fayilolin /etc/pam.d, ka bar wata taga a buɗe da ikon root, ka gwada shiga ta wata daban kafin ka rufe ta farkon. Kuskuren harafi ɗaya a nan yana iya hana kowa shiga, har da kai. A dangin Red Hat ma kada ka gyara su da hannu, authselect ke rubuta su, kuma zai iya shafe gyaranka.

Sai batun kulle asusu bayan kuskure, wanda ke tare mai gwaji a bakin ƙofa. A Linux pam_faillock ne, saitinsa a /etc/security/faillock.conf. In ka ci karo da tsohon bayani mai ambaton pam_tally2, wuce shi, an cire shi. Yadda ya zo, kuskure 3 ke kulle asusu na minti 10. Ni ina ɗaga shi zuwa 10, domin mai buga jumla mai gurbi 20 da sassafe zai iya kuskure sau uku ba tare da ya zama ɓarawo ba, mai canke kuwa da gwaji 3 da 10 duk ɗaya ne a wurinsa. Windows 11 ma 10 ɗin ya zaɓa, da kullewar minti 10. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne kullewar da ba ta buɗewa sai admin ya zo. Ka ba duk mai jin haushin wani makami ke nan, ya buga kalmar banza sau uku da sunan shugaba, ya hana shi aiki. Kuma kullewa ba ta kama mai wayo. Akwai masu ɗaukar kalma ɗaya tak da suka san mutane na so, su gwada ta a kan asusu talatin, su huta, su dawo da wata. Ba asusun da zai kai adadin kullewa. Maganin wannan shi ne hana kalmomin da aka saba tun farko, da kuma leƙa rajista. A Windows lamba 4625 ita ce shigar da ta gaza, 4740 kuma kulle asusu. Ka ga 4625 ta bi sunaye da yawa daga wuri ɗaya cikin 'yan mintuna, to ruwa ba ya tsami banza.

Ga saba mai fuskantar intanet, shawarata ita ce ka fitar da kalmar sirri daga harkar SSH gaba ɗaya. Kowa ya yi makullinsa na SSH, wato fayil ɗin sirri da ke maye gurbin kalma, ka sa PasswordAuthentication no da PermitRootLogin no a cikin sshd_config. Duba rajistar kowace saba da ta kwana ɗaya a intanet, za ka ga ana ta ƙwanƙwasa mata da root da admin da test daga ko'ina a duniya. Da ka rufe wannan ƙofar, duk sun zama hayaniya kawai.

A ɓangaren Windows, tambayar farko ita ce ko kwamfutocin suna ƙarƙashin domen na Active Directory, wato tsarin da ke sarrafa asusu duka daga wuri ɗaya, ko kowace tana zaman kanta. In kowace zaman kanta take, secpol.msc za ka buɗe, ka shiga Account Policies sannan Password Policy, ko ka buga net accounts a tagar umarni ka ga saitin. In akwai domen, wuri ɗaya ne, a dokar da ke maƙale a saman domen ɗin. Yadda ta zo: tsawo 7, wa'adi kwana 42, tuna tsofaffin kalmomi 24, sharaɗin haɗa nau'i a kunne. Mutane kan rataya wata dokar kalmar sirri a wani sashe na domen suna zaton za ta hau kan ma'aikatan sashen, alhali asusun cikin kwamfutocin kaɗai take shafa. In kana son admin su bi doka mafi tsauri, tun Windows Server 2008 akwai dokoki na musamman da ake ɗora wa rukuni, ta nan za ka bi.

Sharaɗin haɗa nau'in na Windows uku kawai yake nema daga cikin nau'o'in, saboda haka Password1 tana wucewa lafiya lau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka iyakarsa. Tsawo ka ɗaga. An daɗe 14 ne iyakar abin da saitin ke karɓa, amma daga bugun Windows 10 mai lamba 2004 akwai saitin da ke sassauta iyakar. Kuma tsawo ya fi muhimmanci a nan fiye da Linux, domin tambarin NT da Windows ke ajiyewa MD4 ne ba gishiri, lissafinsa da sauri yake, na'ura mai katin hoto mai ƙarfi tana gwada biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Ka tabbatar saitin ajiye kalma ta hanyar da ake iya warwarewa a kashe yake. Windows shi kaɗai ba ya duba jerin kalmomin da suka fallasa, sai an haɗa masa wani abu kamar Microsoft Entra Password Protection, ko wata manhaja mai amfani da jerin kalmomin da suka fallasa na shafin Have I Been Pwned.

Yanzu ga abin da na fi so ka ɗauka da muhimmanci, kuma ba ya cikin umarnin shugaba. Ina kyautata zaton kwamfutoci talatin ɗin nan duk kalmar admin ɗaya gare su, wadda aka sa ranar da aka girka su. In haka ne, wanda ya faɗa wa ɗaya ya faɗa wa duka, kuma a Windows ba ma sai ya san kalmar ba, da tambarin kaɗai yana iya tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Maganin kyauta ne: LAPS, wanda tun Afrilun 2023 yake cikin Windows ɗin kansa. Yana ba kowace kwamfuta kalmar admin tata daban, doguwa, yana sauya ta da kansa, yana ajiye ta inda sai mai izini zai gani. A nan canji kan jadawali yana da kyau, domin na'ura ce ke zaɓa, ba ƙwaƙwalwar mutum ake ɗora wa kaya ba. Kai ma ka raba asusunka biyu, na aikin yau da kullum da na admin, kada ka karanta imel da na admin.

Sai asusun waɗanda suka bar aiki. A watan Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya tsai da aiki na kwanaki, kuma ƙofar da aka shigo ta ita ce wani tsohon asusun shiga daga nesa da ba a amfani da shi, ba a rufe shi ba, ba shi da mataki na biyu. Ku yi yarjejeniya da masu kula da ma'aikata cewa ranar da mutum ya ajiye aiki, ranar za a sanar da kai. Kuma a Linux ka kula sosai: passwd -l kalmar kawai yake kullewa. Na taɓa ganin an yi wa wani haka bayan tafiyarsa, aka ɗauka an gama, bayan makonni muka ga sunansa a rajistar shiga. Makullinsa na SSH yana nan cikin authorized_keys, bai taɓa buƙatar kalmar ba. Sa'a dai tsofaffin fayilolinsa kawai ya zo kwasa. Tun ranar nake haɗawa da chage -E 0, wanda ke kashe asusun kansa, sannan in cire makullin. Duk wata uku ka zauna da jerin asusu da jerin ma'aikata ka gwada su, lastlog zai nuna maka waɗanda suka daɗe ba su shiga ba.

Wurin sake wa mutum kalma ma ƙofa ce. Wani zai kira ka a waya da muryar gaggawa ya ce shi wane ne, ya manta, taro na jiran sa. Ka sa wa kanka ƙa'ida: ko ya zo ido da ido, ko kai ka kira shi a lambar da ke rajista. Kalmar wucin gadi kada ta zama iri ɗaya ga kowa, kuma ta mutu a shigar farko. Kada ka taɓa tambayar mutum kalmarsa, ko don gyara ne, domin ranar da ka saba masa da faɗa maka, ka saba masa da faɗa wa duk wanda ya kira da sunanka. Kada kuma ka buga kalma a cikin layin umarni, tana zama a fayil ɗin tarihin umarni.

Abu biyu zan ambata a gurguje. Na farko, kalmar shiga ba ta kare faifan ajiya. Wanda ya ɗauke laftof zai iya tayar da ita daga filashi ya karanta komai, sai in an rufe faifan da BitLocker a Windows ko LUKS a Linux. Na biyu, mataki na biyu, ko lambar da manhajar waya ke bayarwa ko ɗan makullin da ake sokawa, shi ne kaɗai ke taimako idan an riga an sace kalmar. Ka fara da asusun admin, da imel, da duk wata shiga daga nesa. Sauran kalmomin mutane kuwa, ka girka musu ma'ajiya irin KeePassXC ko Bitwarden, su haddace biyu kawai, ta kwamfuta da ta ma'ajiyar.

Da za ka koma wurin shugaba, kada ka je masa da cewa umarninsa kuskure ne. Damuwarsa gaskiya ce, yana tsoron a shigo muku. Ka je masa da musanya a takarda ɗaya: tsawo 15, hana sanannun kalmomi, kullewar minti 10 bayan kuskure 10, LAPS, mataki na biyu ga admin da shiga daga nesa, rufe asusu ranar barin aiki, da canjin dole nan take duk lokacin da aka ga alamar sata. Ka tambaye shi kuma ko wata ƙa'ida ce daga waje ta ɗaure ku. Masu mu'amala da katin banki, alal misali, suna ƙarƙashin PCI DSS, wanda bugunsa na 4 ke neman gurbi 12, da canji duk kwana 90 idan kalmar sirri ita kaɗai ce makulli. In irin wannan ne, ka bi, ba naka ba ne ka karya. In kuwa ra'ayinsa ne kawai kuma ya kafe, ka nemi ya yarda da shekara ɗaya a maimakon wata ɗaya. Ka sa chage -M 365 -W 14 ga kowane asusu a Linux, ka sa 365 a wa'adin Windows, ka kunna pam_pwhistory ya tuna tsofaffin kalmomi, sannan ka sa mafi ƙarancin kwana ɗaya tsakanin canji da canji, don kada mutum ya zauna ya canza sau ashirin da biyar a jere ya dawo kan tsohuwarsa.